Zubi Ɗaya, Ƙafa Dubu

Ƙarfe biyun dare a Dundaye.
Fanka tana juya zafin Afrilu, ba ta rage shi ba,
ni kuwa ina gaban allo, ina zana gidan da babu tubali a cikinsa:
nan rumbun lissafi, nan ƙofar shiga,
nan siririn lungun da saƙo zai bi ya dawo.

Manhaja ɗaya ce, ta 'yan albasa.
Amma na Goronyo ya ce a ba shi mai aiki ko babu sabis,
na Illela yana son naira da sefa a shafi guda,
Hajiya Ige ta Wurno ba ta yi boko ba, sai a sa mata murya.
Dillalin Kara kuwa,
bashi kawai yake so ta riƙa tuna masa, na mutane, ban da nasa.

Na ƙirga zaɓin, goma sha biyu,
kowanne ko a kunna ko a kashe.
Dubu huɗu da casa'in da shida ke nan,
'ya'yan ciki ɗaya, kowa da halinsa.
Wa zai gwada su duka?
Sai na ɗebi arba'in, kamar mai duba gero a bakin buhu,
na auna, na jera, na ce da sauran:
ku ma na san gudunku tun ba a haife ku ba.

Baba Arzika, mahaifina, baduku ne.
Zubin takalminsa ɗaya, na kwali, ya yi baƙi don hannu,
rataye a ƙusa shekara talatin.
Da shi ya yanka wa ango, ya yanka wa mai tallan ruwa.
Yakan murza jar fatar akuya tsakanin yatsu biyu
ya ce: wagga damina ukku za ta yi.
Ban taɓa ganin ya rubuta komai ba.

Nawa hasashen a rubuce yake, da jadawali mai launi.
Sigar Illela, daƙiƙa biyu, in ji lissafi.
Na sa hannu. Malamina ya sa hannu.

Ran Lahadi kasuwa ta ci.
Modi ya kira ni, hayaniyar buhuna a bayansa:
Inno, abin naki tunani yake yi.
Na ce ƙirga.
Ya ƙirga har sha tara,
mai saye ya gaji, ya ciro biro ya rubuta a tafin hannu.

Kwana uku ina bin lungunan da na zana,
ban sami ɓarawo ba, kowace ƙofa a rufe.
Sai da na hau mota na je.
Wayar Modi a kan buhu take, cikin rana tsaka,
ta yi zafi kamar marfin tukunya, ta rage gudu don ta tsira,
sabis kuma yana tsallaka iyaka ya dawo
kamar akuyar da ba ta san Nijar daga Najeriya ba.
Ni a ɗaki mai sanyi na yi awona.

Da na ba Baba labari bai yi dariya ba.
Ya ce: ɗiyata, mi kika tambayi mutumin?
Ni kafin in sa wuƙa sai na ji inda za a taka,
rairayi ko marmara, masallaci ko gona.

Yanzu jadawalina ya ƙaru da layi biyu,
zafin rana, da nisan iyaka.
Hasashen ya daina cika baki,
yana cewa tsakanin huɗu da bakwai, in Lahadi ce.
Takardar da zan kai taro ta rage kyau.
Modi dai ya daina kira,
jiya ya aiko min da albasa rabin buhu.